Eugène Jamot, likitan da ya bi ciwon barci ƙauye-ƙauye

Mutanen Garwa da Marwa da dama sun san Asibitin Jamot da ke Yawunde, amma kaɗan ne suka san mai sunan. An haifi Eugène Jamot a 1879 a yankin Creuse na Faransa. Ya koyar a makaranta a Aljeriya kafin ya karanci likitanci a Montpellier, sannan ya shiga aikin likitan soja, aka tura shi Wadai a Chadi.

A zamaninsa, likita kan zauna a asibiti ya jira mara lafiya, don haka wanda ya iso kaɗai ake lissafawa. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, yakan daɗe a jiki kafin ya kwantar da mutum, kuma a duk tsawon lokacin ƙuda na kwasar cutar daga jininsa. Jamot ya ce a je a same su a gida. Tawagarsa takan tara ƙauye gaba ɗaya, a rubuta kowa, a lalubi kaluluwar wuya, a ɗebi ruwanta da jini a duba a madubin likita. Da haka ake sanin mutum nawa cikin ɗari ke ɗauke da cutar a kowane gari, in an dawo baɗi a ga ko ta ragu. Daga 1917 zuwa 1919 ya duba mutane kusan 90,000 a Ubangi-Shari, ya samu fiye da 5,000 da cutar.

Ya iso Kamaru a 1922, ya zauna a Ayos, kuma a 1926 aka kafa hukumar yaƙi da ciwon barci a ƙarƙashinsa. Mafi yawan aikin ma'aikatan jinya 'yan ƙasa ne suka yi shi, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Fitowa taron dubawar ma tilas ce irin ta mulkin mallaka.

A Bafia, wani matashin likita ya ƙara yawan maganin tryparsamide fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance. Laifin ya faɗa kan Jamot a 1931, aka raba shi da Kamaru. Ya ci gaba da aikin daga Wagadugu, sannan ya koma Creuse yana duba marasa lafiyar karkara, ya rasu a Sardent a 1937.

Léon Lapeyssonnie, wanda ya shata iyakar yankin sanƙarau a 1963, yankin da arewacin Kamaru ke ciki, shi ne ya rubuta littafi kan rayuwarsa.