Dokta Barau Dikko: Likitan Farko na Arewa da Darasinsa Kan Lafiyar Matanmu

Mu da muke zaune a Abakpa, sunan Barau Dikko yakan fito daga bakinmu ne galibi a ranar tashin hankali. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, sai a ce a nemo Keke a tafi Barau Dikko. Tsofaffinmu har yanzu Nursing Home suke ce da wurin, sunan da yake da shi tun zamanin da aka gina shi domin Turawa da manyan ma'aikata. Matasanmu da yawa ba su san cewa mai sunan ɗan'uwanmu ne cikin bangaskiya ba, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekarar 1912. Ya tashi cikin ƙaramin garken masu bi da suka taru kewaye da Dokta Walter Miller, likitan mishan na CMS wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yana ba da magani, yana kuma koyar da yara. Miller ne ya jagoranci aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Wajen 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da asibitin St. Luke. Daga wannan ɗan gari ne mutane irin su Janar Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu suka taso.

Daga makarantar mishan, Dikko ya wuce King's College ta Legas, sa'an nan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanta aikin likita. Ya shiga aikin gwamnati a 1940. A lokacin, asibitoci kaɗan ne a duk faɗin Arewa, kuma a manyan garuruwa suke. Kowa yana shan wahalar wannan rashi, amma kason mata ya fi nauyi. Namiji zai iya hawa jaki ko jirgin ƙasa ya nemi magani. Mace kuwa sai an ba ta izini, sai an ba ta kuɗi, sai an sami mai raka ta. A gidajen da ake kulle ba a yarda likita namiji ya duba ta ba, kuma da yake 'yan mata kaɗan ne suke makaranta, ma'aikatan jinya mata 'yan ƙasa ba su da yawa. Haihuwa a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozomar gargajiya. Idan ta zo da gardama, sai dai a zuba ido.

Dikko ya yi ta hawa mataki-mataki. A shekarun 1950 ya zama babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi wa ƙasa katutu, daga baya kuma ya riƙe muƙamin babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, a nan Kaduna. A 1967 Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya mai kula da ma'adinai da wutar lantarki, a 1971 aka mayar da shi sufuri. Ya rasu a 1977.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi shafar mu shugabannin jama'a. A 1948 yana cikin 'yan bokon da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar wayar da kai. Da aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, shi aka zaɓa shugaba, ko da yake mafi yawan 'yan ƙungiyar Musulmi ne. Sun amince da shi saboda iliminsa da halinsa. Ƙungiyar ta ce za ta yaƙi abubuwa uku: jahilci, lalaci da zalunci. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, sai ya sauka, domin doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi siyasa ba, ya ci gaba da aikin lafiya. Likita ne, amma bai tsaya jiran marasa lafiya a ɗakin duba su kaɗai ba. Ya shiga inda ake yanke shawarar da za ta shafi jama'a tun kafin su kwanta ciwo.

A shekarun ƙarshe na rayuwarsa, aka soma wani bincike a Zariya da ya nuna muhimmancin haka ga mata. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti. Suka tarar cewa yawancin matan da suka mutu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya riga ya lalace. Mafi yawansu ba su shiga makaranta ba, kuma haɗarin ya fi tsanani ga ƙananan yara mata da suka ɗauki ciki jikinsu bai nuna ba. Har yau lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya yana nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma abin ya fi muni a Arewa. Kada mu ce wannan matsalar maƙwabtanmu ce. Mu ma mun yi jana'izar irin waɗannan mata a ikilisiyoyinmu.

To, abubuwa ukun da ƙungiyar Dikko ta yaƙa suna nan a ƙofar ɗakin mai ciki.

Jahilci shi ne mace ta kwana da ciwon kai mai tsanani, fuska da hannuwa sun kumbura, idonta yana gani dishi-dishi, a ce mata laulayi ne, alhali alamun hawan jini ne da kan kai ga jijjiga. Zubar jini, zazzaɓi mai zafi, jariri ya daina motsi, naƙuda ta wuce awa 12, duk ba abin jira ba ne. A cikinmu kuma akwai wata koyarwa da ke cewa wadda aka yi wa tiyata ba ta da bangaskiya, wai dole ta haihu kamar matan Ibraniyawa. Babi na farko na Littafin Fitowa da ake kafa hujja da shi, ungozomomin da suka ceci rai ne Allah ya sa wa albarka a cikinsa. Mu yi addu'a, amma mu yi ta a hanyar asibiti. Fasto ya faɗi haka daga bagade, a kuma gayyaci nas ko ungozoma daga cikin 'yan ikilisiya ta koyar a taron Zumuntar Mata da na maza.

Lalaci shi ne mu san wata tara ne ciki, amma mu bar shiri sai daren naƙuda. Majalisar dattawa za ta iya ajiye lambobin masu mota da masu Keke da suka yarda a tashe su da dare. Matasa za su iya gwada rukunin jininsu a rubuta sunayensu, domin zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Za a iya keɓe asusu daga cikin baiko don kuɗin tiyata na gaggawa. Idan ƙaramin asibitin unguwa ya rasa ma'aikaciyar dare, fasto da limami da mai unguwa su tafi tare wurin hukuma. Dikko ya zauna teburi ɗaya da Musulmi domin amfanin kowa, mu ma hanyar ke nan.

Zalunci shi ne maigida ya sami kuɗin sabuwar waya amma ya rasa na awo, ko a cire yarinya daga makaranta a aurar da ita, ko a kori matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Wannan ciwo yana gyaruwa. Ana yin tiyatarsa a Babbar Ruga da ke Katsina, da asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da cibiyar Evangel a Jos. A Markus sura 5, matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini ba a son ta cikin taro, amma Ubangijinmu ya tsaya dominta. Dattijon da ya san irin wannan mace a unguwarsa, aikinsa ne ya nemo ta, ya yi magana da mijinta, ya ga an kai ta.

Yaro ɗaya da aka sa a makaranta a Zariya ya zama likitan farko na ƙasa mai miliyoyin mutane. A cikin 'yan matan da ke zama a makarantar Lahadi tamu akwai waɗanda za su iya zama likitoci da ungozomomi, idan mun tsaya musu har su gama karatu. Kafin nan, a zaman majalisar dattawa mai zuwa, mu ƙirga masu ciki da ke cikin ikilisiyarmu, mu tambayi wace ce ba ta fara awo ba, da abin da ya hana ta.