Rowland Bingham: Bawan Allah Wanda Ya Shiga Sabuwar Shekara Cikin Duhu

Kowane ɗan makarantar mishan ya taɓa jin sunan Bingham, ko a asibitin koyarwa na Jos, ko a jami'ar da ke Karu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin tsoro da baƙin cikin da mai wannan suna ya sha kafin aikinsa ya kafu. Da yake muna bakin sabuwar shekara, ya kamata mu duba rayuwarsa.

An haifi Rowland Victor Bingham a garin East Grinstead na ƙasar Ingila, ranar 19 ga Disamba, 1872. Yana yaro mahaifinsa ya rasu. Ya karɓi Yesu tun yana saurayi, ya ƙaura zuwa Kanada yana ɗan shekara 16. A birnin Toronto ya sadu da wata tsohuwa mai tsoron Allah, mahaifiyar Walter Gowans. Ita ce ta ba shi labarin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wato ƙasashen da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Ɗanta ya riga ya ɗaura niyyar kai bishara can, ko da yake babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta aike shi. Bingham ya bi shi, tare da wani Ba'amurke mai suna Thomas Kent.

Su uku suka sauka Ikko ranar 4 ga Disamba, 1893. Wani babban ɗan mishan da suka tarar ya faɗa musu a fili cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikokinsu. Da wannan magana a kunne Bingham ya cika shekara 21, da ita kuma ya shiga shekarar 1894. Kuɗinsu kaɗan ne, ba su kuwa da mai goyon baya sai Allah.

Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Aka bar shi a Ikko domin ya riƙa aika guzuri, abokansa biyu suka nufi arewa. Gowans ya kai har ƙasar Zazzau, amma atuni ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Girku cikin Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida cikin Disamba. Haka shekarar 1895 ta sami Bingham shi kaɗai: kabari biyu, ba tashar mishan ko ɗaya, ba mai bi ko ɗaya.

A nan ne darasin yake. Bingham bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Ya koma Kanada yana tambayar kansa dalilin da ya sa Allah ya bar masu biyayya su mutu da ƙuruciya. Ya kai wa mahaifiyar Gowans 'yan kayan ɗanta, ya iske ba ta yi da-na-sani ba, addu'a ma take yi Allah ya ta da waɗansu. Bai sami amsar tambayarsa duka ba, amma bai zauna jiran amsa ba. Ya koyi aikin jinya, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto, ya auri Helen Blair a 1898, ya kuma tara mutanen da za su riƙe aikin.

A 1900 ya sake zuwa Ikko. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, aka mayar da shi gida, abokan tafiyarsa biyu kuma suka karai suka bi bayansa. Karo na biyu ke nan ya koma hannu wofi. Wani zai ce Allah ya rufe ƙofa. Shi kuwa ya shirya ƙungiya ta uku, ya tura mutum huɗu a 1901, suka kafa tasha a Pategi, bakin kogin Kwara, a 1902. A lokacin an riga an gane cewa sauro ne ke kawo zazzaɓi, masu aikin suka riƙa shan kwinin a kai a kai, mace-mace suka ragu. Dogara ga Allah bai hana su shan magani ba.

Daga Kanada Bingham ya shugabanci Sudan Interior Mission, wato SIM, har ƙarshen ransa. A zamaninsa aikin ya shiga Damagaram a 1924, ya kai Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da hannun Dokta Andrew Stirrett na SIM a cikin masu fassara. A shekarun 1930 mishan ta karɓi kula da kutare a Amanawa ta ƙasar Sakkwato. Bingham ya rasu a Disamba 1942. Bai ga asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ba, bai kuma ga kafuwar ECWA a 1954 ba.

'Yan'uwa, mu da ke Kurawa da kewayen Sabon Birni da Isa mun san tsoro. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, iyaye da yawa ba su san inda kuɗin makaranta zai fito ba, ɗalibai kuma suna fargabar jarrabawa. Ba wanda ya san abin da shekara mai zuwa ta ƙunsa. Bingham ma bai sani ba. Ya ji tsoro, ya yi kuka, amma kowace shekara ya miƙa ta ga Ubangiji, ya tashi ya yi aikin da ke gabansa. Mu ma mu yi addu'a, mu yi hattara a hanya, mu riƙe karatu, mu taimaki wanda ya rasa. Abin da ba mu gani ba, yana hannun Mai gani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya riƙe mu cikin sabuwar shekara. Amin.