Pannalal Ghosh, Mai Busa Sarewar Gora

Yaran da suka tashi a Yauri ko Ngaski ko Shanga sun san muryar sarewa, don makiyaya kan busa ta a bakin Kwara sa'ad da shanu ke kiwo. A ƙasar Indiya ma haka take a da, abin busar makiyaya ce da mutanen ƙauye. Manyan makaɗan birni ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Mutumin da ya ɗaukaka darajarta shi ne Pannalal Ghosh.

An haife shi a shekarar 1911 a garin Barisal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Bangaladash. Ubansa makaɗin sita ne, watau wani irin babban molo mai tsirkiya da yawa. Amma shi yaron sai ransa ya kwanta da sarewa. Da ya girma ya tafi Kalkata, ya shiga aikin kiɗan silima. A 1940 ya koma Bombai, wadda ake kira Mumbai yanzu.

Sarewar zamanin nan gajeriya ce, muryarta siririya, ba ta iya ɗaukar kiɗan gargajiya mai zurfi na Indiya. Wannan abu ya dame shi ƙwarai. Ya gwada ƙarfe, ya gwada itace iri iri, bai sami abin da ya kai gora ba. Daga bisani ya yi wata mai tsawon inci 32, ya huda mata ƙofa ta bakwai, alhali kuwa shida aka saba. Sai ga muryarta ta yi kauri da daɗi, har ta sami shiga taron manyan makaɗa.

Ko da ya yi suna, bai daina neman sani ba. A 1947 ya zama almajirin wani shahararren malamin kiɗa, Allauddin Khan. A 1956 aka ba shi shugabancin makaɗan gidan rediyon Indiya a birnin Delhi. Can ya rasu ran 20 ga Afrilu, 1960, yana da shekara 48.

Har wa yau masu busa a Indiya suna bin sawunsa. Ku yara, kada ku raina abin da ke hannunku don mutane sun raina shi. Ku nemi inda ya gaza, ku gyara.