Mikhail Tsvet: Masanin tsirran da ya raba launukan ganye, ya bar wa duniya hanyar gano jabun magani

A harshen Rashanci, kalmar "tsvet" na nufin launi. Mutumin da ke ɗauke da wannan suna kuwa a kan launi ya ƙarar da rayuwarsa. Mikhail Semyonovich Tsvet ne ya ƙirƙiro dabarar da masana ke kira kuromatogirafi, wato hanyar raba sinadaran da suka cakuɗe wuri guda, kowane a gan shi daban. Da ita ake gane ko ƙwayar magani na ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta, da abin da ke cikin jiƙon gargajiya, da kuma gubar da kan ɓuya a cikin gyaɗa ko masara.

Ya rasu a 1919 yana da shekara 47, a lokacin da manyan masanan zamaninsa ba su ɗauki aikin nasa da muhimmanci ba.

Ɗan Rasha da aka haifa a Italiya

An haife shi ranar 14 ga Mayun 1872 a garin Asti na ƙasar Italiya. Mahaifinsa, Semyon Tsvet, jami'in gwamnatin Rasha ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Italiya ce, wadda ta rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa. A Suwizalan ya tashi, ya yi karatu a Jami'ar Geneva, ya sami digirin farko a 1893, sannan digirin digirgir a 1896 a kan yadda ƙwayoyin halittar tsirrai ke aiki.

A wannan shekarar ya koma Rasha, ƙasar mahaifinsa, ya tarar ba a amince da takardunsa na Suwizalan ba. Dole ya sake daga tushe. Ya riƙa koyar da ilimin tsirrai a wani ɗakin bincike a St. Petersburg, ya sami digiri na biyu daga Jami'ar Kazan a 1901, daga nan ya tafi Warsaw, wadda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin Rasha, a matsayin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Digirin digirgir na Rasha bai zo hannunsa ba sai 1910, shekara 14 bayan wanda ya samu a Geneva.

Tambayar da ta hana shi sakat

Masana tsirrai na wancan zamani sun san wani abu mai ɗaure kai, amma ba su damu da shi ba. Idan aka jiƙa ganye a cikin alkohol, koren launinsa na fitowa tas. Idan aka jiƙa shi a wani ruwa maras nauyi da ake tacewa daga man fetur, ɗan rawaya kawai ke fita, koren ya ƙi motsi. Amma da zarar alkohol ya fitar da koren, sai ga shi yana narkewa lafiya lau a cikin ruwan fetur ɗin da ya ƙi bi da farko.

Mutane da yawa sun ɗauka alkohol na canza sinadarin ne. Tsvet bai yarda ba. A ganinsa, koren launin, wanda ake kira kulorofil, manne yake da jikin ganyen, ruwan fetur ba shi da ƙarfin ɓamɓaro shi, alkohol kuma yana da shi. Don ya tabbatar, sai ya shanya launin a jikin takardar tacewa, ya ga takardar ta riƙe shi kamar yadda ganye ke yi: ruwan fetur ya ɗauke rawayan ya bar koren, ɗigon alkohol kaɗan kuma ya saki komai.

Daga nan tunanin ya zo masa. In har launuka daban-daban ba ƙarfi ɗaya suke mannewa da shi ba, to za a iya amfani da wannan bambanci a raba su.

Ya gwada garin abubuwa sama da ɗari, daga sukari zuwa alli. Ya ɗura garin alli mai laushi a cikin siririn bututun gilashi, ya danna shi sosai, ya zuba ruwan ganye a sama, sannan ya biyo shi da ruwan fetur zalla. Yayin da ruwan ke gangarawa, launin da ya fi manne wa alli ya tsaya can sama, wanda riƙonsa bai kai ba ya yi ƙasa. Cikin ɗan lokaci farin bututun ya yi zobe-zobe: kore iri biyu, ɗaya mai sirkin shuɗi ɗaya mai sirkin rawaya, da rawaya kashi-kashi, sai karotin, launin nan da ke cikin karas, wanda ya wuce gaba ɗaya ya zuba a kwalbar da ke ƙasa. Sai ya turo curin allin waje, ya yanyanka shi da wuƙa, kowane launi daban.

Mai karatun da ya taɓa ganin tawadar biro ta jiƙe a aljihun farar riga, ta bazu ta yi baki-baki mai launi biyu ko uku, ya ga ƙaramin misalin abin da ya faru a wancan bututu.

Tsvet ya gabatar da binciken a gaban ƙungiyar masana halittu ta Warsaw a watan Maris na 1903. A 1906 ya wallafa maƙala biyu a mujallar ƙungiyar masana tsirrai ta Jamus, inda ya raɗa wa dabarar suna daga kalmomin Girkanci biyu, launi da rubutu. Tun a lokacin ya bayyana cewa aikinta bai tsaya kan abubuwa masu launi ba, za ta iya raba sinadaran da ido ba ya gani.

Me ya sa aka yi watsi da shi?

Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne na ilimi ba. Shi masanin tsirrai ne da ya shigo gonar masana sinadarai, waɗanda a lokacin ba sa yarda an tsarkake abu sai an tara shi da yawa an ga ƙwayoyinsa. Bututun Tsvet kuwa ɗan mitsitsi yake fitarwa. Leon Marchlewski, fitaccen masanin kulorofil da ke Krakow, ya yi ta sukar sa a rubuce.

Wanda ra'ayinsa ya fi nauyi shi ne Richard Willstätter na Jamus, wanda ya ci kyautar Nobel a 1915 saboda binciken launukan tsirrai, musamman kulorofil. An gwada dabarar a ɗakin bincikensa ba a sami sakamako mai kyau ba, sai ya yanke cewa tana lalata kulorofil. Wanda ke da suna irin nasa idan ya juya wa abu baya, ƙalilan ne za su sake waiwayarsa.

Ga kuma matsalar harshe. Babban littafin Tsvet na 1910, wanda ya tattara dukkan bayanan yadda ake aikin, da Rashanci aka buga shi, kuma masanan yammacin Turai kaɗan ne ke karanta harshen. A gida littafin ya samo masa kyautar Cibiyar Kimiyya ta Rasha, a waje kuma ya kwanta a kanta.

Sai yaƙi. A 1915, da sojojin Jamus suka doshi Warsaw, aka kwashe kwalejin fasahar da yake koyarwa zuwa Moscow, daga baya zuwa Nizhny Novgorod. Littattafansa da takardun bincikensa suka salwanta. A 1917 ya sami abin da ya daɗe yana nema, kujerar farfesan ilimin tsirrai da shugabancin lambun bincike a jami'ar Tartu, a ƙasar Estoniya ta yanzu. Bai shekara biyu a kai ba: Jamusawa suka shiga garin a farkon 1918, aka mayar da malaman Rasha zuwa Voronezh. A can rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 26 ga Yunin 1919, ana tsakiyar yaƙin basasar Rasha.

Bayan shekara 12 da rasuwarsa, a 1931, wasu masana uku a Heidelberg, Richard Kuhn da Edgar Lederer da Alfred Winterstein, suka ɗauko dabarar suka raba karotin gida biyu, suka kuma raba launukan gwaiduwar ƙwai. Kuhn ɗalibin Willstätter ne, kuma fassarar Jamusanci ta littafin Tsvet da suka yi amfani da ita daga hannun Willstätter ɗin ta fito. Daga nan ɗakunan bincike suka yi ta rububin ta. A 1952 Turawan Ingila biyu, Archer Martin da Richard Synge, suka karɓi kyautar Nobel saboda wani sabon reshe na kuromatogirafi.

Daga bututu zuwa falle

Reshen da ya fi taɓa rayuwar talaka daga wajen masu haɗa magani ya fito. A 1938, a birnin Kharkiv na Ukraine, Nikolai Izmailov da Maria Shraiber suna neman hanyar gaggawa ta duba jiƙe-jiƙen tsirrai na magani. Bututu na cin lokaci da kayan aiki, don haka suka shimfiɗa garin a kan ɗan fallen gilashi, suka ɗiga jiƙon a tsakiya, ya bazu ya yi da'ira-da'ira. Kowane jiƙo da irin zanensa.

Wani Bajamushe masanin harhaɗa magani, Egon Stahl, shi ya daidaita aikin a ƙarshen shekarun 1950, ya tsayar da irin garin silika da za a shafa da kaurin shimfiɗar, ta yadda gwajin da aka yi a gari ɗaya zai yi daidai da na wani garin. Littafinsa na 1962 ya zama abin dogaro, kuma shi ya yaɗa sunan da aka san hanyar da shi, kuromatogirafi na siririyar shimfiɗa.

Ga yadda ake yi a yau. Ana niƙa ƙwayar maganin a narkar da ita, a ɗiga a kusa da gindin falle. A gefenta a ɗiga ainihin sinadarin da aka tabbatar da ingancinsa. Sai a tsayar da fallen cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa, ruwan ya riƙa hawa kamar kananzir a lagwani, yana jan abin da aka ɗiga. Bayan 'yan mintoci a ciro, a busar, a duba ƙarƙashin fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Idan ɗigon biyu suka tsaya a tsayi ɗaya da girma ɗaya, maganin na ɗauke da abin da ya kamata. Idan na kasuwar ya dusashe, an rage sinadarin. Idan babu komai, gari ne kawai aka dunƙule.

Gwajin ba ya ba da adadi daidai wa daida, don haka abin da aka yi shakka a kai sai an tura babban ɗakin bincike. Amfaninsa shi ne arha da sauri. Akwatin gwajin tafi-da-gidanka da ake kira Minilab, wanda hukumomin magani a ƙasashen Afirka da dama ke amfani da shi, har da NAFDAC a Najeriya, a kan wannan hanya aka gina shi. Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki jabu ne ko maras inganci.

Da maganin gargajiya lamarin ya fi wuya, domin saiwa ko sassaƙe ɗaya na iya ƙunsar sinadarai da dama. A nan jerin ɗigon gaba ɗaya ake kallo kamar zanen yatsa, a kwatanta da na tsiron da aka sani. Ta haka ake gane an musanya ganye da wani, ko an zuba maganin bature a ɓoye cikin kwalbar da aka ce tsirrai ne zalla.

A ɓangaren abinci, manoman gyaɗa suna da alaƙa da wannan tarihi. A 1960 talotalo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Bincike ya gano gubar aflatoksin, wadda wani nau'in fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, kuma tana jawo ciwon daji na hanta. Da aka ɗora gubar a kan falle aka haska fitila, wasu ɗigo suka yi ƙyallin shuɗi, wasu na kore. Daga haruffan farko na sunayen waɗannan launuka biyu a Turanci aka samo sunayen aflatoksin B da G, waɗanda har yau ake rubutawa a takardun gwajin gyaɗar da za a fitar ƙasashen waje.