Taƙaitaccen Tarihin John Cocke, Uban Tsarin RISC

An haifi John Cocke ranar 30 ga Mayu, 1925, a garin Charlotte na ƙasar Amurka. Ya sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Duke a 1956, sannan ya kama aiki da kamfanin IBM.

A wancan zamani, kamfanoni kan cika ƙwaƙwalwar kwamfuta da umarni masu sarƙaƙiya, a zatonsu yawa shi ne ƙarfi. Cocke da abokan aikinsa suka lura cewa ba kasafai manhajoji ke taɓa mafi yawan umarnin ba. Kaya ne kawai mai rage gudu. Don haka a tsakiyar shekarun 1970 suka soma ƙera IBM 801, mai umarni kaɗan masu sauƙi. Wannan tsari shi ake kira RISC.

Sauri da ƙarancin cin wuta su suka jawo kamfanoni gare shi. Yawancin wayoyin hannu na yau suna aiki da ƙwaƙwalwar ARM mai bin wannan tsari, kuma a 2020 Apple ya fara mayar da kwamfutocinsa na Mac kanta.

An ba Cocke lambar yabo ta Turing a 1987. Ya rasu ranar 16 ga Yuli, 2002.