Charles Van Hise: Masanin duwatsun da ya kai jami'a ƙofar hukumomin gari

Shekaru fiye da 100 da suka wuce, idan mahukuntan wani ƙaramin gari a jihar Wisconsin ta Amurka suka rasa yadda za su tsara ruwan famfo ko kwashe shara, wasiƙa kawai za su aika wa jami'ar jihar, a turo musu bayanin yadda wasu garuruwan suka yi. A zamanin shugabancin Charles Van Hise aka buɗe wannan ƙofa.

An haife shi ranar 29 ga Mayu, 1857, a Fulton da ke jihar. Ya kammala digirin farko a Jami'ar Wisconsin a 1879 tare da abokinsa Robert La Follette, kuma a 1892 ya zama mutum na farko da jami'ar ta bai wa digirin digirgir. Ya yi suna ne wajen nazarin duwatsu da ma'adinai a yankin Tafkin Superior.

Lokacin da ya zama shugaban jami'ar a 1903, abokin nasa ne gwamna. Ra'ayin Van Hise shi ne, tunda da harajin jama'a ake ɗaukar nauyin jami'a, wajibi ne amfaninta ya isa kowane gida a jihar.

Bai dogara da abota kaɗai ba. Ya farfaɗo da sashen kai ilimi ga jama'a, ya samo masa kuɗi daga majalisar jiha, kuma a 1909 aka buɗe ofishi a sashen domin amsa tambayoyin hukumomin garuruwa. Ko bayan La Follette ya koma Majalisar Dattawa a 1906, aikin bai tsaya ba.

Malamai ma sun fito daga aji. Masanin tattalin arziki John Commons ya taimaka wajen rubuta dokar aikin gwamnati ta 1905, daga baya kuma ya kafa wa Milwaukee, birni mafi girma a jihar, ofishin da ke bin diddigin yadda ake tafiyar da ayyukan birnin.

Sai dai kusanci da masu mulki yana da farashi. 'Yan adawa sun zargi jami'ar da tsoma baki a siyasa. A 1914 aka gudanar da bincike kan ayyukanta, sannan Emanuel Philipp, ɗaya daga cikin masu sukarta, ya ci zaɓen gwamna. Van Hise ya kare jami'ar, amma tasirin malamanta a gwamnati ya ragu.

Ya rasu a Milwaukee ranar 19 ga Nuwamba, 1918, yana da shekara 61, yana kan kujerarsa. Gwamnoni sun zo sun wuce, amma har yau jami'ar tana da jami'an wayar da kai da ke aiki da hukumomin gundumomin jihar.