Imamu Shaɗibi: Makahon Da Ya Zama Jagoran Makaranta Alƙur'ani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk ɗalibin da ya zurfafa a ilmin ƙira'o'i, ko a Kano yake ko a Alƙahira, sai ya bi ta kan littafin Shaɗibiyya. Da yawa daga cikinmu mun san sunan littafin, amma kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa makaho ne.

Sunansa Alƙasim ɗan Firruh. An haife shi a shekara ta 538 bayan Hijira, daidai da 1144 Miladiyya, a garin Shaɗiba da ke gabashin Andalus, wato ƙasar Sifen ta yau. Ibnul Jazari ya ambaci cewa ya zo duniya ba ya gani. Duk da haka ba a killace shi a ɗaka ba. An kai shi gaban malamin garinsu, Abu Abdullahi Annafzi, ya karanci Alƙur'ani da ƙira'o'i a wurinsa har ya ƙware.

Daga nan ya tafi birnin Balansiya wajen Abul Hasan ɗan Huzail, babban malamin ƙira'a na Andalus a zamaninsa. A gabansa ya karanta littafin Attaisir na Abu Amr Addani da ka, ya kuma ɗauki hadisi. Malamin bai ware shi daga sauran ɗalibai ba. Abin da ya sauya kawai shi ne hanyar ɗaukar karatu: wasu suna duba takarda, shi yana saurare yana haddacewa. Haddarsa ta yi ƙarfi har Ibnu Khallikan ya rubuta cewa idan ana karanta masa Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa, daga bakinsa ake gyara kurakuran da ke cikin kwafin littattafan.

A shekara ta 572 ya bar Andalus da niyyar aikin Hajji. An ruwaito cewa an nemi ya riƙe huɗubar garinsu, ya ƙi, domin ana tilasta wa masu huɗuba su yabi sarakuna da siffofin da ba su da su. Ya sauka Iskandariyya ya saurari hadisi daga Hafiz Assilafi, sannan ya zauna a Alƙahira cikin talauci da baƙunta.

A nan ne Alƙali Alfadil, wazirin Sarki Salahuddin Al'ayyubi, ya gane darajarsa. Wannan waziri ya gina makarantar Fadiliyya a shekara ta 580, ya keɓe zaure domin koyar da Alƙur'ani, ya damƙa shi ga Shaɗibi. Da ya so, da sadaka kawai zai riƙa aika masa kamar yadda ake yi wa makafi, amma kujerar malanta ya ba shi. Ɗalibai suka yi ta kwararowa daga ƙasashe daban-daban.

A Alƙahira ya kammala Hirzul Amani wa Wajhut Tahani, wadda muka fi sani da Shaɗibiyya. Baiti 1173 ce a kan ƙafiya ɗaya, ta tattara ƙira'o'i bakwai da ke cikin Attaisir. Ya sanya wa kowane makaranci da masu ruwaya daga gare shi harafi na alama: alifi ga Nafi'u, ba ga Ƙaluna, jim ga Warshu, haka har ƙarshe. Tsari ne na mutumin da ya san wahalar riƙe ilmi a ka, sai ya sauƙaƙa wa masu ido da marasa ido baki ɗaya. Abin da ya fi ban mamaki shi ne waƙarsa Aƙilatu Atrabil Ƙasa'id, wadda ta yi bayanin ƙa'idojin rubutun Mus'hafin Usmanu, ilmin da ake zaton sai mai ido zai iya. Daga cikin ɗalibansa akwai Alamuddin Assakhawi, wanda ya yi wa Shaɗibiyya sharhi mai suna Fat'hul Wasid, da surukinsa Alkamal Ali ɗan Shuja'u, wanda shi ma makaho ne kuma ya zama shehin ƙira'a a Masar. Ya rasu a watan Jimada Sani na shekara ta 590, aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa. Allah Ya jiƙansa.

Ruwayar Warshu da kakanninmu suka rubuta a allo, da ruwayar Hafsu da ta cika masallatanmu a yau, duk suna cikin abin da wannan bawan Allah ya tsara. Kenan muna cin gajiyar ilmin makaho kullum, alhali yaranmu makafi da kurame da guragu da yawa suna bakin titi da ƙoƙon bara.

Idan muka duba rayuwarsa za mu ga cewa baiwar da Allah Ya yi masa ta samu mutanen da kowa ya sauke nasa nauyin. Akwai wanda ya riƙe masa hannu zuwa makaranta, kuma wannan aikin iyaye ne: kada kunya ko tausayi marar amfani su sa a ɓoye yaro a gida. Akwai malamin da ya ba shi layinsa na karatu, kuma wannan aikin malaman Islamiyya da na allo da na boko ne: a zaunar da mai raunin ji a gaba, a faɗi da baki abin da aka rubuta a allo saboda wanda ba ya gani, a hana tsokana da laƙabin izgili. Akwai abokan da suka karanta masa littattafai suka rubuta abin da ya shifta, kuma wannan aikin ɗalibai ne. Akwai kuma mai iko da dukiya da ya buɗe masa ƙofa. A yau wannan yana nufin Alƙur'ani mai rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, da malamin da ya iya maganar hannu, da gangara a ƙofar aji domin mai keken guragu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019 ta tabbatar musu da haƙƙin ilmi, sai dai doka ba ta aiki sai shugabannin makarantu da hukumomi sun motsa.

Mu ma masu hawa mumbari muna da namu kaso. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilmi, kuma Allah Ya nuna cewa buƙatarsa ba abar jinkirtawa ba ce. Ya kamata kwamitin kowace makarantar unguwa ya ƙirga yaran da naƙasa ta hana su zuwa aji, ya bi su gida-gida, ya tanadi abin da zai zaunar da su tare da 'yan'uwansu.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, Ya sanya albarka a zuriyarmu baki ɗaya. Amin.